Yadda ake ɗaure sarƙar tirela da wayar birkinta kafin a hau hanya

A hanyar Tawa zuwa Tsernawa, ko ta Yamai zuwa Doso, ana yawan gamuwa da Hilux ko Land Cruiser tana jan ƙaramar tirela. Wani tankin ruwa ya ɗauko, wani janareto, wani injin ban ruwa na masu lambun albasa, wani siminti, gab da Layya kuma raguna. Abin da ke riƙe da duk wannan nauyi ƙwallon ƙarfe ne da bai kai girman lemu ba, ko wata ƙusa da aka zira a zobe. Ranar da wannan wuri ya saki, tirela ba ta da direba, ba ta da sitiyari, kuma tana tafe da gudun da motar take yi. Wanda ta tarar a gefen kwalta, mai babur ne ko mai amalanken jaki ko yaro mai talla, shi za ta hau.

Abubuwa biyu aka tanada saboda wannan rana, kuma aikinsu ya saɓa. Sarƙa an sa ta ne don kada ta tsinke, ta riƙe tirela a jikin mota har direba ya samu ya tsaya. Wayar birki kuwa an sa ta ne don ta fizgu, ta kama birkin tirela, sannan ta rabu da mota. Duk wanda ya gane wannan bambanci ba zai naɗe wayar a jikin sarƙa ba, ba kuma zai ce tunda akwai ɗaya ba ya bukatar ɗayar ba.

Fara da sanin nauyin da kake ja

Duba wuyan tirelar, wato dogon ƙarfen da ya miƙo daga gabanta zuwa mota. Idan ta kamfani ce za ka ga ƙaramin faranti da aka buga lambobi a kai. Wadda ta fito daga Faransa tana ɗauke da haruffan PTAC, ta Amurka kuma GVWR, duka biyun suna nufin iyakar nauyinta da kayanta a haɗe. Idan mai walda ne ya haɗa ta a gari da gatarin tayoyin tsohuwar mota, babu faranti, sai ka yi lissafi da kanka. Lita 1,000 na ruwa ton guda ne, ban da nauyin tankin. Buhu 20 na siminti ton guda ne. Ka ƙara nauyin ita tirelar a kai.

Wannan lissafi shi ne zai gaya maka irin sarƙar da za ka saya, shi ne kuma zai gaya maka ko tirelar ta cancanci hawa hanya ba birki. A ƙa'idar Turai, tirelar da ta wuce kilo 750 dole ta kasance da birkin kanta. Ban ga dalilin da zai sa mu sassauta wa kanmu wannan iyaka ba, musamman mai bin gangaren Keita da Buza, inda tirela mai ton biyu marar birki za ta iya tura motar da ke janta har ta fi ƙarfin direba.

Sai mahaɗin kansa

Sarƙa mataki na biyu ce, mahaɗi ne na farko, wato inda bakin da ke ƙarshen wuyan tirela ya kama ƙwallon mota. Motocinmu da tirelolinmu sun shigo ne daga wurare dabam-dabam ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome, shi ya sa ake yawan haɗa abin da bai dace da juna ba. Ƙwallon Turai milimita 50 ne. Na Amurka iri uku ne: inci 1 da 7/8, wato kusan milimita 47.6, sai inci 2, wato milimita 50.8, sai inci 2 da 5/16, kusan milimita 58.7. A ido, mai 47.6 da na Turai kamar ɗaya suke. Ka ɗora bakin tirela mai milimita 50 a kan ƙwallo mai 47.6, zai zauna, maƙullin zai rufu, ka tafi lafiya lau har ka faɗa ramin farko mai zurfi. Girman yana rubuce a saman ƙwallon da kuma jikin bakin tirelar. Goge ƙurar ka karanta.

Bayan ka sauke bakin a kan ƙwallo ka rufe hannun maƙulli, zira ƙusa ko ƙaramin kwaɗo a ramin da aka bar masa don kada ya buɗe da kansa. Sannan ka murɗa ƙaramar tayar gaba, wadda ke tallafe wuyan tirela, ta yi ƙasa kamar za ka ɗaga wuyan. Idan bayan motar ya fara ɗagawa tare da shi, ya kama. Idan bakin ya zame sama shi kaɗai, dama a kan ƙwallon ya zauna kawai bai haɗiye shi ba. Masu zobe da ƙusa kuwa, ƙusar ta kasance mai kauri daidai da ramin, da rami a ƙasanta inda za a sa abin da zai hana ta tsallowa. Guntun rodi da aka lanƙwasa kansa ba ƙusar jan tirela ba ne, gargada ɗaya ta hanyar jar ƙasa ta isa ta fitar da shi.

Zaɓen sarƙa

A kasuwar Katako ta Yamai ko a wurin masu kayan ƙarfe na kasuwar Tawa za a nuna maka sarƙoƙi masu kama da juna, alhali ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Ɗauki sarƙar ka juya zobbanta ɗaya bayan ɗaya, ka nemi lambar da aka buga a jiki. Mai lamba 3 ko 30 ita ce gama-gari, ta ɗaure ƙofa da dabba. Mai 4 ko 43 ta fi ta. Mai 7 ko 70, wadda galibi launinta ruwan zinariya ne, ita aka yi don ɗaure kaya a kan mota. Bambancin ba ƙarami ba ne. A kauri kusan milimita 8, mai lamba 30 tana tsinkewa a wajen kilo 3,400, mai lamba 70 kuwa sai ta haura kilo 8,000. Wadda babu lamba a jikinta ko kaɗan, ka bar wa mai ita.

Ƙa'idar da ake bi a Amurka mai sauƙin riƙewa ce: sarƙa biyu ake sawa, kuma kowace ɗaya, ita kaɗai, ƙarfin tsinkewarta ya kai nauyin tirelar da kayanta ko ya wuce. Ana cewa kowace ɗaya ne saboda a lokacin da mahaɗi ya saki, ba safai nauyin ke faɗa wa biyun daidai wa daida ba. Ɗaya ce ke fara ɗaukar fizgar, kuma fizga ta fi nauyin da ke zaune ƙarfi nesa ba kusa ba. Don haka ka bar wa kanka rata mai yawa a lissafi.

Ƙugiya da abin da ya haɗa ta da sarƙa su ma su kai wannan ƙarfi. Sau da yawa za ka ga sarƙa mai kyau an ƙulla bakinta da wayar ɗaurin rodi, ko da siririn noti, ko da kwaɗon ƙofar shago. Nan za ta rabu. Nemi ƙugiya mai ɗan murfi da ke rufe bakinta, ko zoben nan mai siffar kofaton doki da ake murɗa ƙusa a bakinsa, wanda aka rubuta nauyinsa a jiki. Idan zoben ka samu, ɗaure kan ƙusarsa da ƴar waya don kada girgizar hanya ta kwance ta. Ƙugiya mai buɗaɗɗen baki tana tsalle ta fita a kan gargada.

Wata magana ga ƴan'uwanmu masu walda. An saba a ɗora zoben ƙarshe na sarƙa a kan wuyan tirela a bi shi da wuta. Sarƙa mai lamba 70 da wuta aka gasa ta a masana'anta har ta sami ƙarfinta, zafin walda yana lalata wannan gashi, sai zoben da ke kusa da ɗinkin ya zama shi ne mafi rauni a duk sarƙar. Abin da ya fi shi ne a yi wa faranti mai kauri walda a kowane gefe na wuyan, a huda shi, a ɗaura sarƙar da zobe ko da babban noti mai ƙarfi. Kowace sarƙa da nata wurin. Idan noti ɗaya ya riƙe duka biyun, sarƙa ɗaya gare ka.

Ɗaure sarƙar

Ɗauko sarƙar hagu ka ratsa da ita ta ƙarƙashin wuyan tirela zuwa ramin dama na mota. Ɗauko ta dama ka ratsa zuwa ramin hagu. Za su giciye a ƙarƙashin bakin tirelar. Amfanin wannan giciye biyu ne. Idan bakin ya fita daga ƙwallo, sai ya faɗo a kan sarƙoƙin su tallafe shi kamar goyo, maimakon ya caki kwalta. Wuyan da ya caki ƙasa ana cikin gudu yana iya kafewa ya wuntsila tirelar gaba ɗaya. Na biyu, a wurin shan kwana sarƙar da aka giciye ba ta ɗamewa a gefe ɗaya ta yi sako-sako a ɗayan kamar yadda miƙaƙƙiya ke yi. Giciye sau ɗaya ya isa, kada ka yi ta nannaɗe su a juna.

Inda za ka maƙala ƙugiyar a jikin mota ya fi komai muhimmanci. Nemi ramukan da ke jikin babban ƙarfen da aka ɗaure a shasi. Kada ka rataya a wuyan ƙwallo, kada ka rataya a guntun ƙarfen da ake zarewa tare da ƙwallon, kada ka rataya a bamba. Dalilin a fili yake: abin da kake tsoron ya karye ko ya zare ba shi za ka ba ajiyar sarƙa ba. Idan motarka ba ta da waɗannan ramuka, a yi mata su kafin tafiya.

Sai tsawo. Sarƙar ta yi sassaucin da zai bar ka ka sha kwana har ƙarshen sitiyari, amma kada ta yi tsawon da wuyan zai kai ƙasa idan ya faɗo, kada kuma ta riƙa jan ƙasa. Sarƙar da ke goga kwalta daga Ƙonni zuwa Tawa za ta cinye kafin a isa, ga tartsatsin da take watsawa a busasshiyar ciyawar gefen hanya lokacin rani. Don ka gane tsawon ya yi, sa yaron motarka ya tsaya a gefe inda kake ganinsa a madubi, ka karya sitiyari gaba ɗaya ka matsa a hankali, hagu sannan dama, shi kuma yana kallon sarƙar. Idan ta ɗame kafin kwanar ta ƙare, ƙara zobe ɗaya ko biyu. Idan ta yi yawa, matsar da ƙugiyar zuwa zoben ciki ka ɗaure ragowar sama. Kada ka rage tsawo ta hanyar murɗe sarƙa ko ƙulla ta, domin zoben da nauyi ya faɗo masa a karkace ba ya ɗaukar abin da zai ɗauka a miƙe.

Wayar birki

A nan sai ka san irin tirelar da ke hannunka, domin iri biyu ne ke yawo a wurinmu kuma ba a gwada su da hanya ɗaya.

Ta Turai, mai nauyi har kilo 3,500, birkinta na turi ne. Idan mota ta rage gudu, tirela ta turo gaba, bakin ya shige ciki cikin wata roba mai naɗi, wannan motsi ya ja sandar da ke kama birkin tayoyi. Tana da birkin hannu a kan wuya, kuma a gindin wannan hannu ne aka ɗaura siririyar wayar ƙarfe, galibi mai jar riga. Idan tirela ta rabu da mota, wayar ta ɗame, ta ja birkin hannu ya tashi, sannan ta tsinke, tirelar ta tsaya da kanta. Da yawa cikin irin waɗannan tireloli ba sa zuwa da sarƙa, wayar ce kaɗai tsaronsu, saboda haka wanda ya cire ta ko ya naɗe ta a wuyan tirela don tana damunsa ya bar tirelar ba komai.

Bi da wayar ta cikin ƴar kafar da aka yi mata a ƙarƙashin wuya, don ta ja hannun birki a miƙe ko ta wane gefe tirelar ta kauce. Kai ta ramin da ke jikin ƙarfen mota, zira ta ciki, ka dawo da maƙallinta ka maƙala a jikin wayar kanta. Idan ƙwallon motarka irin wanda ake cirewa ne, kada ka kuskura ka zagaya wayar a wuyansa, don in ya fita tare za su tafi, birki bai kama ba. Kada ta naɗe ƙaramar tayar gaba ko wayar fitilu. Kada kuma ka musanya ta da sarƙa ko igiya mai kauri da sunan ƙara ƙarfi. An yi ta daidai yadda za ta ja birki sannan ta saki.

Ta Amurka galibi birkinta na lantarki ne. A kan wuyanta akwai ƙaramin akwati baƙi da wata ƴar ƙusar roba a cuse a ciki, waya na ɗaure da ƙusar. Akwai kuma ƙaramin batir mai bolt 12 a jikin tirelar. Idan aka fizge ƙusar, wutar batir ta tafi kai tsaye zuwa maganaɗisun da ke cikin gangar kowace taya, birki ya kama. Dokar Amurka ta ce ya iya riƙewa aƙalla minti 15. Kowane maganaɗisu yana jan wajen amfiya 3, mai taya huɗu ke nan tana jan kusan 12, kuma mataccen batir ba zai ba da wannan ba. Zafin Afrilu da Mayu a Tawa, da ke wuce digiri 40, yana kashe irin waɗannan ƙananan batura da wuri, balle tirelar da ta yi watanni a ajiye a rana. Sa mai gyaran wutar mota ya auna. Cikakken batir yana nuna wajen bolt 12.6, wanda ya sauka ƙasa da 12 ya kusa ƙarewa. Ya kuma duba ko motarka tana yi masa caji ta soket, domin soket ɗin Amurka mai baki bakwai da na Turai ba tsari ɗaya ba ne, kuma wanda ya yi maka haɗin sau da yawa fitilu kawai ya kula da su.

Akwai abin da ya fi wannan tayar mini da hankali. Birkin lantarki ba ya aiki a tafiyar yau da kullum sai motar da ke ja tana da na'urar da ke aika masa wuta idan direba ya taka birki. Wanda ya sayi irin wannan tirela ya ɗaura wa motar da ba ta da na'urar, tirela marar birki yake ja, ko da gangunan birkinta sababbi ne.

Game da tsawon wayar a tirela mai sarƙa, masu sana'ar sun rabu biyu. Wasu sun ce ta fi sarƙa tsawo kaɗan, don birki ya kama sai in sarƙar ma ta tsinke, saboda kamun birki farat ɗaya yana fizgar mota. Wasu sun ce ta gaza sarƙa kaɗan, don da zarar mahaɗi ya saki birki ya kama, tirela ta ja baya ta ɗame sarƙa, ta daina dukan bayan mota. Idan takardar kamfanin da ya ƙera tana hannunka, bi abin da ta ce. Idan babu, ni na fi karkata ga na biyun, domin a lokacin da wuya ya faɗo, soket ɗin wuta yakan fizge shi ma, direba ba shi da sauran hanyar taɓa birkin tirela daga cikin mota. Ko wanne ka bi, wayar ta sami wurin maƙalawa nata na kanta a jikin mota. Ba a jikin sarƙa ba, ba a ƙugiyar sarƙa ba, kuma kada ta ɗame a kwana.

Gwaji kafin tashi

Yi shi a shimfiɗaɗɗen fili marar gangare, tirela na haɗe da mota. Ga ta Turai, ja wayar da ƙarfi da hannunka ta wajen mota. Hannun birki ya tashi ya tsaya a sama bai koma ba. Shiga mota ka sa giya ta ɗaya ka ɗan matsa. Ya kamata ka ji tirelar ta riƙe ka. Idan hannun ya cije saboda tsatsa da ƙurar hunturu, a wanke a sa giris, a kuma duba robar nan mai naɗi ko ta yage.

Ga ta Amurka, fara zare soket ɗin wuta daga mota, don gwajin ya zama na batir ɗin tirela kaɗai, kuma kada wuta ta koma ta lalata na'urar cikin mota. Fizge ƴar ƙusar, matsa gaba kaɗan, tayoyin su cije. Mayar da ƙusar nan take, ka mayar da soket. Kada ka bar ta a zare da sunan birkin ajiye tirela, batir zai ƙare, maganaɗisun su yi zafi, bayan ɗan lokaci kuma birkin ya saki tirelar ta gangara. Tirelar da aka ajiye da dutse ko guntun itace ake tokare tayoyinta.

Manyan motocin da ke lodin albasa a Galmi su ma suna da irin wannan tsaro, sai dai nasu na iska ne. Idan jan tiyon da ke kai iska ga tirela ya tsinke, birkinta yana kamawa da kansa, shi ya sa direban kirki ke gwada shi kafin ya bar tasha.

Sannan ka bi sarƙar da hannu zobe bayan zobe. Wanda ya miƙe ya fi ƴan'uwansa tsawo, wanda ya tsage, wanda gogayya ta cinye kashi ɗaya cikin goma na kaurinsa, duk sun isa a canja sarƙar gaba ɗaya. Ɗaga ƙaramar tayar gaba har ƙarshe ka ɗaure ta. Duba lodi: wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin ya kasance gaban tayoyi, domin tirelar da bayanta ya fi nauyi tana ɗaga baki daga ƙwallo, tana kuma kaɗa wutsiya a gudu. Bayan tafiyar kilomita 10 zuwa 20, tsaya ka sake dubawa, haka ma duk lokacin da ka sauka daga kwalta ko ka ratsa ƙorama.

Idan mahaɗi ya saki kana cikin tafiya

Za ka ji ƙara da fizga a baya, motar ta fara kaɗawa. Ƙafarka za ta so ta danne birki har ƙasa. Hana ta. Idan ka tsaya farat ɗaya, tirelar za ta daki bayanka, ko wuyanta ya shige ƙarƙashin motar, inda tankin mai yake a wasu motoci. Riƙe sitiyari da hannu biyu a miƙe, ɗaga ƙafa daga totur, bar gudun ya ragu, sannan ka riƙa taɓa birki sannu-sannu kana neman gefen hanya. Kunna fitilun haɗari. Da ka tsaya, a tokare tayoyin tirela kafin kowa ya sa hannu ko ƙafa tsakaninta da mota, a kuma ajiye alama nesa a baya saboda masu tahowa.

Kada ka mayar da bakin a kan ƙwallo ka ci gaba ba tare da ka gano abin da ya sa ya fita ba, ko girman ne bai dace ba, ko maƙullin ya cinye, ko lodin ya koma baya. Sarƙar da ta ɗauki irin wannan fizga ta gama aikinta ko da ido bai ga tsaga ba, ita da ƙugiyoyinta. A ja tirelar a hankali zuwa gari mafi kusa, a sa sabuwar sarƙa da sabuwar waya, a sake yin gwajin birki daga farko kafin a ɗora mata kaya.